Ƙaramin-Aiki da Haƙoran Safa

Duk abin da aka kawo gaban mai askin layin nan, amsarsa ɗaya ce: "Ƙaramin aiki ne." Haka sunan ya bi shi, har yara ma Ƙaramin-Aiki suke kiransa, shi kuma yana amsawa da fara'a don a ganinsa yabo ne. Shi ne ya gyara fankar shagonsa ta koma tsotse iska maimakon hurawa. Shi ne ya ɗaure famfon tsakar gida da robar taya, ruwa ya daina ɗiga ta baki ya koma fitowa ta bango. Aski kam ya iya, wannan ba mai musu. Damuwar ita ce bai taɓa yarda cewa askin kaɗai ya iya ba.

Shagonsa yana jikin gidan hayar da yake zaune da matarsa da 'yarsu Auta. Bango ɗaya ne tsakaninsa da shagon Tela, abokin tsokanarsa. A cikin gidan akwai Direba, mai jan babbar mota, sai kuma Gwaggo mai gidan, dattijuwa mai kaifin ido wadda ƙofar ɗakinta ke kallon duk mai shiga da mai fita.

Direba ne ya shigo da ɗan kwikwiyon a cikin kwali. Ya ce a ƙarƙashin motarsa ya tsince shi yana rawar sanyi. Baƙi ne wuluk, sai ƙafafunsa farare tas kamar an sa masa safa. Auta na ganinsa ta ce sunansa Safa, kuma nata ne. Da farko Gwaggo ta ce ba a gidanta ba. Da aka tuna mata kayan shanyar da ɓarayi suka kwashe mata ta kan katanga, sai ta ce to, ya zauna a tsakar gida, amma kada ta ga ƙafarsa a bakin ɗakinta.

Safa ya ci ya murmure, sai halinsa ya fito. Komai ya gani da baki yake gaishe shi. Silifa, tsintsiya, igiyar guga, diddigen mai wucewa. Ba mugunta ba ce, don yana cizon yana kaɗa wutsiya, amma haƙoransa kamar allurar Tela suke. Wata safiya Gwaggo na shanya, ya lallaɓo ya kama gefen zaninta. Ta ja, ya ja. Ta ƙara ja, shi kuma ya ga wasa ya yi daɗi, ya saki zanin ya kama idon sawunta.

Kafin rana ta yi zafi ta tara 'yan gidan.

"Jikokina za su zo hutu ƙarshen wata," in ji ta, tana nuna ƙwarzanen da ke ƙafarta. "Ƙaramin cikinsu ko tafiya bai gama ƙwarewa ba. In suka iso wannan abin yana sa wa mutane haƙori, Direba zai mayar da shi inda ya tsinto shi. Na gama magana."

Auta ta rungume Safa, idonta ya cika da hawaye. Safa kuwa yana ta taunar bakin rigarta.

Ƙaramin-Aiki ya gyara tsayuwa ya yi murmushi. "Gwaggo, wannan ai ƙaramin aiki ne. Ni da na zauna da masu horar da karnukan gadi?"

Matarsa ta dube shi. "Baban Auta, aski fa ka yi wa ɗaya daga cikinsu."

"To a lokacin askin ba sai ya ba ni sirrin gaba ɗaya ba?"

"Ka ce mini barci ya yi tun kafin ka gama gefe ɗaya."

"Mutum mai ilimi ko numfashinsa darasi ne," in ji shi. Ya shafa kan Auta. "Share hawayenki. Kafin jikokin Gwaggo su zo, karen nan sai ya fi wasu mutanen layin nan ladabi."

Ya faɗa yana kallon Tela.

Dabararsa ta farko ya bayyana ta ne a bencin ƙofar shago, ga duk mai kunnen ji. Ya ce cizo irin yunwa ne, in aka bar kare ya ciza ya ƙoshi, shi da kansa zai ture. Saboda haka kullum da safe kafin ya buɗe shago sai ya naɗe hannun riga ya durƙusa a tsakar gida, ya miƙa wa Safa hannayensa biyu. Ya tura shi ya faɗi, ya birkice shi, ya kama bakinsa ya girgiza, ya janye hannu da sauri ya sake miƙawa. Safa bai taɓa samun aboki irin wannan ba. Da ya ji motsin ƙofar ɗakinsu sai ya fara tsalle.

Ba a daɗe ba hannayen Ƙaramin-Aiki suka cika da filasta, yatsa ɗaya ma bai tsira ba.

"Yaya ɗalibinka?" in ji Tela, yana taka keken ɗinki.

"Yana gab da ƙoshi."

"Da alama dai abincin ne zai riga ƙarewa."

Wani baƙo ya shigo aski, ya zauna, aka ɗaura masa ƙyalle a wuya. Da ya hango hannayen ta madubi sai ya ce, "Maigida, reza ce ta yi maka haka?"

"Aikin horo ne."

"Kai ake horarwa ko kai ke horarwa?"

Bai jira amsa ba ya kwance ƙyallen, ya ce ya tuna ya bar ruwa a kan wuta.

Abin da Safa ya koya shi ne duk hannun da ya motsa nasa ne. Ranar da Direba ya dawo daga tafiya ya miƙa wa Tela hannu za su gaisa, sai suka ji nauyi a tsakiya. Suka duba, ga Safa yana lilo a hannun rigar Tela.

"Wannan mataki ne," in ji Ƙaramin-Aiki. "Sai ciwo ya fito fili ake maganinsa. Yanzu zan yi masa magana da yarensu."

Ya ce shi ya lura da kyau, kwikwiyo in ya ciji uwarsa ba ta tsayawa nasiha, gurnani take yi ta rama. Da yamma, lokacin da ya ga tsakar gida ba kowa, ya cire takalmi ya sa hannu da gwiwa a ƙasa. Ya tunkari Safa yana gurnani daga can cikin maƙogwaro. Safa ya karkata kai gefe ɗaya, ya karkata ɗaya gefen. Sai ya ɗaga gindi sama, ya shimfiɗa ƙirji a ƙasa, wutsiya na kaɗawa kamar za ta cire. A ganinsa abokinsa ya gama zama ɗan'uwa.

Suka yi ta zagaye turken shanya. Safa ya kama kunnen Ƙaramin-Aiki, shi kuma ya ga lokacin ramuwa ya yi, ya rufe ido ya kama kunnen Safa da leɓɓansa.

A daidai nan aka turo ƙofar gida. Gwaggo ce ta shigo da matar ɗanta, uwar jikokin, wadda ta zo duba ɗakin da za a sauke yaran. Matar ta tsaya cak da jaka a hannu.

"Gwaggo," ta ce a hankali, "wanne ne karen a ciki?"

"Baƙin," in ji Gwaggo. "Ɗayan ɗan haya ne."

Ƙaramin-Aiki ya saki kunne ya ɗago kai don ya gaishe su, yana tofar da gashi. Safa ya ga hanci ya matso kusa, ya karɓa.

Washegari ya buɗe shago da filasta a kan hanci, muryarsa na fita kamar mai mura. Tela ya leƙo ya daɗe yana kallonsa.

"Me kuka tattauna da shi a yaren nasu?"

"Mun fahimci juna."

"Na ga ma har ya sa hannu a yarjejeniyar."

Ƙaramin-Aiki bai kula shi ba, don tuni wata dabarar ta zo masa. Ya shiga kicin ya ɗebo garin barkono, ya kwaɓa da man shafawa a murfin gwangwani.

Matarsa ta tare ƙofa. "Baban Auta, kada ka sa wa dabbar nan yaji a ido. Bai san komai ba."

"Wa ya ce a jikinsa zan shafa? A jikina zan shafa. Sau ɗaya zai ɗanɗana, har ya tsufa ba zai sake sha'awar naman mutum ba."

"Hannunka fa duk ciwo ne."

"Namiji ne ni."

Ya lafta kwaɓin har gwiwar hannu. Barkono ya bi ta ƙarƙashin filasta ya sami ƙofofi a buɗe. Ya tsaya a tsakar gida da hannu a miƙe, jijiyoyin wuyansa sun tashi, hawaye na bin kumatunsa.

"Baba, kuka kake yi?" in ji Auta.

"Iska ce."

Safa ya zo da gudu, ya shinshina hannun, ya yi atishawa, ya ja da baya. Ƙaramin-Aiki ya buɗe baki zai yi shelar nasara. Safa ya zagaya ta baya ya kama diddigensa, inda ba a shafa komai ba.

A lokacin Direba ya yi kira daga shago cewa yana sauri, a zo a aske shi kafin ya ɗauki hanya. Ƙaramin-Aiki ya ɗauraye hannu sama-sama a bokiti ya fita yana ɗingishi. Ya aske kan Direba tas har yana ƙyalli. Sannan, kamar yadda ya saba yi wa manyan abokan ciniki, ya sa tafukansa biyu ya mulmule kan tun daga goshi har ƙeya.

Direba ya taɓa kansa. "Wane sabon mai ne wannan? Yana da ɗumi."

"Alamar yana aiki ke nan."

"Ɗumin fa yana ƙaruwa."

"Na waje ne, sai an saba."

Direba ya miƙe da ƙyalle a wuya. Bai bi ta ƙofa a hankali ba. Ya ratsa tsakar gida, ya ture murfin duron ruwan Gwaggo, ya tsoma kansa har kafaɗa. Da ya ɗago don ya sha iska, Gwaggo na tsaye a kansa da moɗa a hannu.

"Ruwan shana ne wannan," in ji ta.

"Gwaggo, tambayi mai horar da karnuka," in ji Direba, ya sake nutsawa.

Yinin ranar Ƙaramin-Aiki ya yi shi ne yana jido ruwa da hannaye masu raɗaɗi. Da ya gama ya zube a kan tabarma a ƙofar ɗakinsu. Sai ya lura da wani abu. Matarsa na zaune tana tsefe wa Auta kai, hannunta na kai da komowa, ga Safa kwance a gefen ƙafarta yana taunar wani tsohon tawul da aka ƙulle shi gida-gida. Ko kallon hannun nata bai yi ba.

"Ke me ya sa ba ya cizonki?"

"Yana yi da. In ya sa mini haƙori sai in harɗe hannu, in juya masa baya, in yi shiru. Ba ya son a daina kula shi. Da ya natsu sai in miƙa masa tawul ɗin nan. Dasashi ne ke masa ƙaiƙayi, kamar Auta lokacin da take haƙori. Kai kuma kullum kana koya masa cewa hannu abin wasa ne."

Ƙaramin-Aiki ya yi 'yar dariya ta mai tausayin jahili. "Maman Auta, wannan laushin da kike gani aikina ne ya fara kama shi. Ke kawai kin zo kin tarar. Kare kwarjini yake ji, ba a juya masa baya kamar an yi fushi da miji."

"To," in ji ta, ta ci gaba da tsifa.

"Kuskurena ɗaya ne. Ina shiga fili ba kayan aiki. Masu horon gaske riga ce da su ta musamman."

Da safe ya jawo wata tsohuwar katifar soso da aka jingine a bayan kicin, ya kai wa Tela. Ya zana masa yadda yake so: riga mai kauri har wuya, hannaye har yatsu, wando har idon sawu, duk a ɗaure da igiya ɗaya ta baya don saurin cirewa. Tela bai taɓa karɓar ɗinki da murna irin ta ranar ba. Ya ajiye kayan mutane ya kama wannan, yana ɗinki yana goge ido.

"Ka tabbata igiya ɗaya ta isa?"

"Kai dai yi abin da ka iya, ka bar wa masu ilimin abin nasu."

Kafin rigar ta kammala, Ƙaramin-Aiki ya riga ya rataye kwali a ƙofar shago, ƙarƙashin hoton aski: ANA KOYA WA KARNUKA LADABI. Duk wanda ya zauna a kujerarsa sai ya gayyace shi. Ya ce ranar da jikokin Gwaggo za su iso, a nan ƙofar gida, a gaban kowa, zai nuna yadda ake mayar da kare mai cizo ya zama ɗan gidan mutunci. Ya ce daga nan zai fara karɓar ɗalibai daga wasu unguwanni, wataƙila ma ya bar askin ga yara.

Ranar ta zo. Da la'asar layin ya cika. Masu shaguna suka jawo bencina, mai faci ya bar taya a cikin ruwa ya taho, mata suka tsaya a bakin ƙofofi. Direba ya zauna a gaba, da hula a kansa har kunne. Aka fito wa Gwaggo da kujera, matar ɗanta na gefenta, jikoki sun kewaye su, ƙaramin yana riƙe da gwiwar kakarsa. Auta na tsaye riƙe da Safa a igiya, bakinta na motsi a hankali.

Ƙofar shago ta buɗe. Aka fara ganin hannu ɗaya mai kaurin turmi, sannan kafaɗa. Daga nan komai ya tsaya.

"Tela," aka ji murya daga ciki, "ɗan taɓa ni ta baya."

Tela ya zagaya ya sa kafaɗa ya tura. Ƙaramin-Aiki ya fito fit kamar an cire toshiyar kwalba, ya yi tangal-tangal ya tsaya. Hannayensa sun ƙi sauka, ƙafafunsa sun ƙi haɗuwa. Kansa kaɗai ya leƙo ta sama, ƙarami, da filasta a hanci, gumi na tsiyaya. Ƙaramin jikan Gwaggo ya nuna shi da yatsa ya ƙyalƙyale da dariya.

"Jama'a," in ji Ƙaramin-Aiki, "abin da za ku gani yau ba a koyar da shi a makaranta. Zan kira shi, zai zo. Zan yi masa tsawa ɗaya, zai zauna. Daga nan ko yatsa kuka sa masa a baki sai dai ya lasa. Auta, sake shi."

Auta ta dubi uwarta, ta kwance igiyar.

Safa ya tako a hankali, ya tsaya nesa, ya yi haushi. Bai gane wannan halittar ba. Ya matso yana shinshina. Sai kunnuwansa suka miƙe. Katifar bayan kicin ce, wadda kullum ake korarsa in ya je kusa da ita. Yau ga ta ta fito da kanta, tana tafiya, kuma tana magana da muryar babban abokinsa.

Ya daka tsalle ya kama gwiwa.

"Zauna," in ji Ƙaramin-Aiki da murya mai kauri.

Safa ya fizgo soso cike da baki, ya watsar, ya koma.

"Gwada ni yake yi. Ku lura da kyau. Zauna, na ce."

Ya kaɗa hannu don ya nuna kwarjini. Safa ya ga hannu na motsi, ya bar gwiwa ya kama shi. Ya kaɗa ɗayan, Safa ya koma can. Gutsattsarin soso suka fara tashi a iska suna sauka a kan 'yan kallo. Gwaggo ta cire wani gutsure da ya maƙale a mayafinta ta duba shi.

"Wannan matakin fa, me sunansa?" in ji Tela.

"Kada a sa mini baki ina aiki."

Ya ja da baya don ya sami fili, bai ga bencin da ke bayansa ba. Ya tafi gaba ɗaya ya faɗi rigingine. Bai ji ciwo ba, don katifa ce ta tare shi, amma tashi ya gagara. Ya wutsila ƙafafu, ya wutsila hannaye, ya yi ta juyi kamar ƙwaron da aka kifar. Safa ya hau cikinsa ya tsaya yana kallon jama'a, sannan ya fara tono da ƙafafun gaba.

"A ɗaga ka?" in ji Direba.

"Kada wanda ya taɓa ni. Da gangan na kwanta."

Ya yunƙura da ƙarfi ya mirgina ya kife. Nan igiyar baya ta bayyana, da 'yar tulluwar ƙulli tana lilo. Safa ya kama ta, ya kafa ƙafafu, ya ja da baya yana girgiza kai. Ƙullin ya warware. Riga ta buɗe, wando ya buɗe, komai ya zube gefe biyu kamar an ɓare gyaɗa. Sai a lokacin layin ya gane cewa saboda zafi, Ƙaramin-Aiki bai sa komai a ciki ba sai gajeren wando mai hoton taurari.

Ya miƙe ya zura da gudu. Ba abin da Safa yake so a duniya kamar mai gudu. Suka zagaye turken lantarki, suka ratsa ta cikin ruwan mai faci, suka dawo. Ƙaramin-Aiki ya kama ƙarfen motar Direba ya haye can saman kaya, ya tsuguna yana haki. Mutane suna riƙe da ciki, wata mata ta zauna a ƙasa don dariya.

Cikin wannan dariyar ba wanda ya ga lokacin da ƙaramin jikan Gwaggo ya saki gwiwarta. Sai ganinsa aka yi a tsakiyar fili, yana tafe yana tangaɗi, yana kaɗa 'yan hannayensa yana ƙara don murna. Safa, da jininsa ya riga ya hau, ya juyo. Ya ga hannaye biyu suna motsi daidai tsayinsa.

Dariya ta ɗauke. Uwar yaron ta yunƙura za ta yi ihu.

"Kada a yi ihu, kada a fizge shi," in ji Maman Auta, ba tare da ta ɗaga murya ba.

Ta riga ta shiga tsakaninsu. Ta tsaya yaron na gabanta a jikin ƙafafunta, ta ba Safa baya, ta harɗe hannu. Safa ya yi tsalle ya kama gefen zaninta. Ba ta motsa ba, ba ta ce uffan ba. Ya ja kaɗan, ba a ja ba. Ya saki, ya zagayo yana neman fuskarta, ta sake juyawa da yaron. Ya tsaya yana haki, ya yi ɗan kuka, sannan ya ajiye gindi a ƙasa.

"Yauwa," ta ce a hankali. Ta zaro tawul mai ƙulli daga ƙugunta ta miƙa masa. Ya karɓa, ya kwanta a kan tarkacen soso, ya kama tauna. Yaron ya sunkuya ya dafa bayansa. Safa ya kaɗa wutsiya bai ko ɗago ba.

Daga saman mota aka ji gyaran murya. "Kun gani ko? Sai da na gajiyar da shi tukuna. Wannan shi ne mataki na ƙarshe."

"Sauko," in ji Gwaggo. "Tela, ba shi wani abu ya rufa, akwai yara a nan."

Ya sauko ya tsaya a gabanta, ɗaure da ƙyallen aski a ƙugu. Auta ta matso ta riƙe hannun uwarta.

"Kare zai zauna," in ji Gwaggo. Auta ta saki numfashi. "Amma da sharaɗi. Daga yau duk wanda ya sa wa haƙori a gidan nan, ya yi yadda Maman Auta ta yi. Ba kokawa, ba gudu, ba wasa da hannu. Kai kuma, tunda kai ka lalata shi kuma kai ya fi nema, naka daban ne. Da ka gan shi ya nufo ka, ko ya ciza ko bai ciza ba, ka harɗe hannu, ka juya baya, ka kama bakinka har sai ya tafi don kansa."

"Gwaggo, ai ita muryar tawa ce take..."

"Ranar da na ji muryarka kusa da shi, ɗayanku zai bar mini gida. Kuma shi yana gadi."

Haka aka yi. Kowa ya bi dokar, jikoki ma suka koya, har ya zama musu wasan wa ya fi iya tsayuwa cak. Auta kan fita da shi yawo da safe ya dawo a gajiye. Kafin hutu ya ƙare Safa ya daina kama diddigen mutane, sai dai tawul ɗin da aka yi ta canja masa. An sauke kwalin ƙofar shago, Tela ya roƙa a ba shi ya ajiye don tarihi.

Sai dai mutanen layi sun gano wani amfani da dokar Gwaggo take da shi wanda ita kanta ba ta yi niyya ba.

Wata rana wani baƙo ya zauna aski. An gama gefe ɗaya na kansa, sai ya yi kuskuren cewa injin wutar gidansa yana ba shi wahala. Idon Ƙaramin-Aiki ya yi haske. Ya kashe abin askin, ya gyara tsayuwa, ya ja dogon numfashi, ya fara bayanin yadda ya taɓa zama da wani babban injiniya.

Daga shagon da ke kusa aka ji ɗan fito siriri.

Safa ya shigo yana kaɗa wutsiya. Ƙaramin-Aiki ya haɗiye sauran maganar, ya harɗe hannu, ya juya ya fuskanci bango. Safa ya shinshina ƙafafunsa, ya zagaya, ya kwanta a kansu, ya ɗora haɓa a kan takalminsa ya lumshe ido.

Baƙon ya jira. Ya dubi rabin kansa a madubi, ya dubi bayan mai askin, ya dubi karen da ya fara minshari. Sai ya ga Tela a bakin ƙofa, ya jingina da kofin shayi a hannu.

"Malam, yaushe zai ƙarasa mini askin?"

"Sai karen ya tashi," in ji Tela, yana kurɓa a hankali. "Ka yi mana haƙuri, ka rage murya. Barcinsa ba nauyi."